Kawu, in sayi R6 ɗin abokina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ya aiki, ya zafi? Ni matashi ne ɗan shekara 24. A Makka aka haife ni, wajen Shari'a Mansur, amma yanzu a Jidda nake zaune, ina aiki a wani shagon sayar da wayoyi. Tun ina yaro nake son baburan nan na gudu, duk daren Juma'a in na ga ayarinsu a Kornish, titin bakin teku, sai in ji raina ya biya. Shekara biyu ina tari, yanzu na haɗa riyal 24,000. Akwai abokina da zai sayar da Yamaha R6 ɗinsa ƙirar 2008, ya ce saboda ni zai bari a 19,000. Ban taɓa mallakar babur ba, amma shekarata biyar da lasisin mota, kuma da muka je Kano biki na yi wata biyu ina hawan Boxer ɗin ɗan kawuna kullum, ban faɗi ko sau ɗaya ba. Abokai sun ce kar in ɓata kuɗina a kan ƙaramin babur mai cc 300 ko 400, wai wata uku zan raina shi, kuma ai 600 matsakaici ne tunda akwai 1000, akwai Hayabusa. Mahaifiyata ba ta sani ba tukuna. Me ka gani?

Ɗanka, daga Jidda.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Aiki da godiya, zafi kuma lokacinsa ne. Allah ya yi wa wannan tari naka albarka, don matashin da zai iya danne zuciyarsa shekara biyu yana ajiye kuɗi a garin nan ba ƙaramin mutum ba ne.

Amsata ita ce kar ka sayi wannan R6. Ko kyauta ya ba ka, ka nemi wani ka fara da shi. Amma ba zan ce maka ka haƙura da babur ba. Na san wannan sha'awa, ita ta sa na zama bakaniken babur tun ina Kano, ita ta riƙe ni a Sina'iyya, unguwar masu gareji, shekara ashirin da ɗoriya. Kuma na lura yaron da aka hana shi da ƙarfin tsiya ba bari yake yi ba, aro yake zuwa yi a ɓoye, ba hula ba lasisi, cikin dare. Don haka zauna mu yi maganar da kyau.

Inda abokanka suka ɓata lissafi shi ne wajen ƙirga cc. Wannan lamba girman cikin silinda kawai take nunawa, ba ta gaya maka yadda aka ƙera injin ba, ba ta gaya maka halinsa ba. Ga Kawasaki Ninja 650 nan, cc 649 gare shi, ya fi R6 mai 599 a lamba. Amma ƙarfinsa bai kai doki 70 ba, shi kuwa R6 na 2008 ya haura doki 120. Ka ga lamba kusan ɗaya, ƙarfi kusan ninki biyu. Dalili shi ne R6 don gasa aka yi shi. Akwai ajin tsere da aka ƙayyade cewa inji mai silinda huɗu kada ya wuce cc 600, sai kamfanonin Japan suka duƙufa suna matse duk abin da za su iya a cikin wannan 600 ɗin, sannan suka maƙala masa fitila da madubi da wurin ɗaura lamba don a iya sayar da shi a kasuwa. Boxer ɗin da ka hau a Kano ƙarfinsa wajen doki 8 ne. Abin da kake shirin saya ya ninka shi kusan sau goma sha biyar.

Ba ma yawan ƙarfin ne ya fi tayar mini da hankali ba, yadda yake zuwa ne. In injin R6 yana juyi dubu biyar ko shida a minti, lafiyayye ne, kamar rago. Sabon mahayi zai yi mako biyu yana zagaya unguwa a haka, ya ɗauka ya gama sanin babur. Ranar da allurar ta haura dubu goma sai ya gamu da wata dabba daban, don ƙarfinsa na gaskiya yana can sama wajen 14,500. A giya ta ɗaya kaɗai yana wuce kilomita 100 a awa. Ga yadda abin ke faruwa, na ji shi daga bakin waɗanda Allah ya kuɓutar ba sau ɗaya ba: tayar gaba ta daki matab, wato tudun rage gudu, ko wani ɗan rami, hannun dama ya ɗan motsa, babur ya zabura, jikin mahayi ya yi baya. Da ya ji zai zame sai ya ƙanƙame hannun babur, wannan ƙanƙamewar kuwa ita ce ke ƙara murɗa totur. Duk wannan bai kai daƙiƙa biyu ba. A kan ƙaramin babur kuskuren nan razana ce kawai, ka yi salati ka saki hannu. A kan R6 kafin ka tuna da sakin hannu ka isa bayan motar da ke gabanka.

Ka ƙara da yanayin zamansa. Tsayin kujerarsa santimita 85, hannuwansa suna can ƙasa, mutum a kife yake kamar mai ruku'u, nauyinsa duk a wuyan hannu. Kan babur ba ya juyawa sosai, don haka juyawa a ƙaramin titi sai gwani. A filin tsere wannan zama daidai ne. A cunkoson titin Falasɗin bayan la'asar, inda kake bukatar ka ɗaga kai ka hango mota uku a gabanka, ka waiga hagu da dama, azaba ce. Ga zafin inji mai silinda huɗu da aka lulluɓe da roba yana dukan cinyoyinka a watan Yuli. Sannan na 2008 ba shi da ABS, birkin da ke hana taya kullewa. Yamaha ba su sa wa R6 wannan birki ba sai a ƙirar 2017.

Ka ce ka yi wata biyu a kan Boxer ba ka faɗi ba. Ni na fi shekara goma ina hawan ƙananan babura a Kano kafin in zo ƙasar nan, cikin kasuwa, cikin damina, da kaya da fasinja. Ban daɗe da fara aiki a Jidda ba aka kawo mana wani mai cc 600 gyara. Da na gama sai na ce bari in zagaya da shi in ji. Jallabiya ce a jikina, silifa a ƙafata. Na shiga wani shataletale da ke kusa da garejin, gudun bai kai 40 ba. Wata mota ta kutso daga dama ba ta tsaya ba. Hannuna ya yi abin da ya saba yi a Kano, ya damƙi birkin gaba gaba ɗaya. A kan ƙananan baburanmu in ka yi haka birkin a hankali yake kamawa. Wannan kuwa faranti biyu ne a gaba, yatsa biyu sun ishe shi. Ga kuma rairayin da iska ta tara a gefen shataletalen. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Abin da nake tunawa shi ne ina kwance ina kallon tayar baya tana ta juyawa a sama, silifata ɗaya tana can tsakiyar titi, tafin hannuna na dama kuwa babu fata, tsakuwa ta shige cikin naman. Ƙashin da ke tsakanin wuyana da kafaɗa ya karye. Na yi mako shida ban riƙe sifana ba, wata biyu ban aika wa mahaifiyata ko riyal ɗaya ba, kuma sai da na biya mai babur kuɗin robobinsa daga albashina. Har yau in sanyin Ɗa'ifa ya taɓa ni kafaɗar tana tuna mini. Sabon da na yi da ƙaramin babur bai cece ni ba, shi ne ma ya sa na hau ba tare da tsoro ba.

Lasisin motarka zai amfane ka ta fuska ɗaya: ka san halin direbobin Jidda, ka san wanda zai fito daga layin hagu ya yanke zuwa mafita ba sigina. Wannan ilimi ne mai tsada. Amma ƙafarka ta saba da cewa in abu ya taso sai a take birki da ƙarfi, hannunka ya saba juya sitiyari zuwa inda kake so. Babur ba haka yake ba. In yana gudu kana son ya yi hagu, hannun hagu ake turawa gaba kaɗan, sai ya kwanta ya bi. Kuma duk inda idonka ya kafe, can babur zai kai ka. In ka ƙura wa dakalin gefen titi ido don tsoronsa, shi za ka daka. Waɗannan abubuwa ba a kai suke zama ba, a jiki suke zama, jiki kuwa sai da maimaici. Kana bukatar babur da zai bar ka ka yi kuskure sau ɗari kana koyo.

A Turai ma sun gane haka har suka sa shi a doka. Matashin da ya karɓi lasisin da suke kira A2 ba zai hau abin da ya wuce kilowat 35 ba, wato doki 47, sai ya yi shekara biyu a kai ko ya kai shekarun da aka gindaya. Saboda wannan doka kamfanoni suka yi ta ƙera babura masu siffar na tsere amma ƙarfinsu bai wuce wannan iyaka ba, kuma a cikinsu nake so ka zaɓa.

Wanda na fi sanyawa a gaba shi ne Kawasaki Ninja 400. A 2018 ya fito, silinda biyu, cc 399, ƙarfinsa wajen doki 45, nauyinsa da mai bai kai kilo 170 ba. Kulocinsa laushi gare shi kamar ba a ja komai ba, wanda duk ya sha cunkoso zai san darajar wannan. Zamansa bai kife ba sosai. A 2024 suka maye gurbinsa da Ninja 500 mai cc 451, wanda halinsu kusan ɗaya ne, don haka za ka tarar da masu 400 da yawa suna sayarwa. Sai Yamaha R3, tunda na ga zuciyarka tana wajen Yamaha. Cc 321, doki 42 ko kusa da haka, tun 2015 ake yin sa, injinsa ba ya ba mu wahala a gareji in ana canja masa baƙin mai a kan lokaci. Daga nesa, wallahi, ba kowa ne zai bambance shi da yayansa R6 ba. In kai mai jiki ne, ko kana da niyyar yawan zuwa Makka gaida Hajiya, duba Honda CBR500R. Ya fi su nauyi, ya haura kilo 190, amma a babbar hanya ya fi su natsuwa, ba ya shan mai, kuma ƙarfinsa doki 47 a shimfiɗe yake zuwa ba zabura. KTM RC 390 ma yana nan, silinda ɗaya, a Indiya ake haɗa shi. Mai kaifi ne, yana da daɗi a kwana, sai dai kujerarsa ta fi tsayi, zamansa ya fi kifewa, kuma a ganina yana jin zafin cunkoso fiye da sauran. Ba shi zan fara miƙa wa sabon shiga ba.

Kowanne ka ɗauka, ka tabbata mai ABS ne, domin akwai ƙirar da aka fitar babu shi. Kar ka yarda da rubutun da ke jikin roba. Durƙusa ka duba farantin birkin gaba, za ka ga wani ƙaramin zobe mai ramuka a jere a tsakiyarsa da 'yar waya kusa da shi. In ka kunna makulli fitilar ABS za ta kama a agogo, ta mutu bayan babur ya fara tafiya. Aikinsa shi ne in ka damƙi birki cikin firgici, ya riƙa saki yana kamawa da sauri don kada taya ta kulle. Da a ce babur ɗin da ya kayar da ni yana da shi, ina kyautata zaton da labarin ya canja.

Batun wai za ka raina shi bayan wata uku, ka tambayi masu faɗar haka me suke nufi. Ninja 400 yana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa biyar ko kusa da haka, ya riga yawancin motocin da za su tsaya kusa da kai a danja. Gudunsa ya haura 170, alhali ko a manyan hanyoyin ƙasar nan da aka fi sakar wa mutane mara, 140 ce iyaka, ga kyamarorin Sahir masu kama gudu ko'ina. Abin da suke nufi shi ne sun saba da murɗa totur a miƙaƙƙen titi, wanda ko yaro zai iya. Ka ce wa ɗayansu ya juya babur ɗinsa a faɗin layi biyu ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, ko ya tsaya cak daga gudun 80 a inda ka ja masa layi. A nan ake gane mahayi. Ni na ga masu shekara biyar a kan 1000 da ba su iya ba, saboda tun ranar farko tsoron babur ɗinsu suke ji, ba su taɓa samun sukunin koyo ba. Wanda ya fara da ƙarami yakan wuce su cikin shekara guda. Kuma in ka yi shekara ɗaya ko biyu ka ga lallai ka ƙoshi, waɗannan ƙananan ba sa kwantai a Haraj, kasuwar kayan hannu, kullum akwai sabon shiga mai nema.

Yanzu kuɗi. Kar ka zuba 24,000 ɗin nan duka a kan ƙarfe. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar tun kafin ka fara taya babur, na kayan jiki ne. Hular kwano mai rufe fuska har haɓa, sabuwa fil, ba ta hannu ba, don hular da ta taɓa dukan ƙasa ta gama aikinta ko da ba ka ga tsaga ba. Duba igiyarta za ka ga alamar ECE, 22.05 ko sabuwar 22.06. Ta kama kanka sosai har kumatu su ɗan matsu, in ka girgiza kai kada ta yi rawa. Sai safar hannu ta fata, domin duk wanda zai faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa. Sai takalmi mai rufe idon sawu. Sai riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Na san abin da za ka ce, wa zai sa jaket a Jidda? Akwai masu raga-raga da aka yi don ƙasashe masu zafi, iska na ratsa su, in kana tafiya sun fi ma rigar shan iska daɗi don rana ba ta dukan fatarka kai tsaye. Ka sha ruwa kafin ka fita, ƙishirwa tana rage wa mutum hankali bai sani ba. Jallabiya kuwa, don Allah, kada ka hau da ita ko zuwa masallacin unguwa ne. Bakinta yana shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta.

Takardu kuma ka gama da su kafin babur ya kwana a ƙofar gidanka. Lasisin mota ba ya wadatarwa, na dabbab, wato babur, daban ne a wajen Murur, hukumar kula da zirga-zirga. Ka yi inshora, ka tabbata istimara, wato takardar rajistar babur, tana da rai kuma lambar da ke jikinta ita ce a jikin ƙashin babur, a mayar da mallaka zuwa sunanka. Kar ka yarda da “hau kawai, ma yi daga baya”, ko daga aboki ne. Akwai baburan da ke yawo a garin nan ba lamba, ana sayar da su da araha, ranar da aka tsayar da kai babur ya tafi, kuɗinka ya tafi. Mu baƙi masu iƙama, wato takardar zama, mun fi kowa sanin cewa tara ba ta tsayawa a tara, in ta taru a Absher, manhajar gwamnati, ba ka biya ba, ko bizar fita da dawowa ba za ta fito ba. Hukuma kuma ba ta wasa da ganganci a titi, tarar tafhiɗi, wato wasa da abin hawa a titi, ta karon farko riyal 20,000 ce, ta fi kuɗin da abokinka ya sa wa babur ɗinsa.

Da kuɗin da ya rage na hannu za ka nema, kuma hakan ya fi, don babur na farko sai ya faɗi, ko a tsaye ne a wurin ajiya. Ranar da za ka je dubawa, ka ce wa mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso. Da zuwanka ɗora bayan hannunka a jikin injin. In da ɗumi, ka tambayi dalili, don inji mai matsala a sanyi yake tona kansa. Ka je da rana, ba da dare a ƙarƙashin fitilar titi ba. Dubi ƙarshen hannuwan babur, da kan marikin birki da na kuloci, da wurin ɗora ƙafa, da gefen salansa. Nan ne ƙasa ke fara ci. In robobin jiki sababbi ne ƙal amma waɗannan wurare a goge suke, an faɗi an sake riga. Juya kan babur har ƙarshe hagu da dama, ka leƙa ƙasan wuyansa inda wasu 'yan ƙarafa biyu ke tare shi. In sun lotsa ko an yi musu walda, an yi karo mai ƙarfi, ka yi sallama ka tafi. Shafa sandunan shokazoba na gaba da yatsa, kada ka ji mai, kada ka ga ɗigon tsatsa, don iskar teku tana cin su a Jidda. A gefen taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara biyar a zafin ƙasar nan ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, ka cire kuɗin sababbi daga ciniki. In an yanke salansa, an cire madubi, an naɗe lamba sama don kada kyamara ta gani, ka san irin hannun da babur ya fito. Ka tafi da bakanike, ka biya shi ladan ƙafarsa.

Shi ma R6 ɗin abokin naka, ban ce yana da niyyar cutar ka ba. Amma babur ne da ya haura shekara goma sha biyar, irin wanda ba a saya don a lallaɓa shi. Tayoyinsa biyu, da sarƙa, da gyaran bawul, za su iya cinye ragowar 5,000 ɗin naka kafin ka sayi hula. Ka gaya masa gaskiya cewa ba ka kai ba tukuna. In abokin kirki ne zai ji daɗi.

In Allah ya sa ka saya, watan farko ba na Kornish ba ne, ba na titin Tahliya ba ne. Nemi fili ko wurin ajiye motoci da babu kowa, safiyar Juma'a bayan asuba lokacin da garin ke barci. Jera robobin ruwa, ka yi ta zagaya su a giya ta ɗaya har kuloci ya zama kamar yatsanka. Ka koyi tsayawa daga 30, sannan 50: a fara matsa birkin gaba a hankali har nauyi ya sauka a tayar gaba, sannan a ƙara ƙarfi, kamar mai matse lemon tsami. Yawancin tsayuwar babur a birkin gaba take, kar wani ya tsorata ka da shi, koyon sa ake yi. Ka riƙe wannan lissafi: a gudun 100 kana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ninki huɗu yake yi.

Titunanmu suna da nasu tarkon. Rairayi a gefen shataletale da bakin gadoji. Ruwan da motocin wayit, wato tankokin ruwa, ke zubarwa a kwana. Farin fentin titi da ke yin santsi in raɓar teku ta sauka da dare. Ruwan sama na farko, wanda ke taso da man da ya yi wata da watanni yana taruwa a kwalta. Ranar nan ka bar babur a gida. Fiye da duka, ka ɗauka babu direban da ya gan ka. Mutanen nan idonsu mota yake nema, da yawa kuma idon yana kan waya. Kar ka zauna a gefen mota inda madubinta ba ya kamo ka, ko ka wuce ko ka ja baya.

Za su ce ka zo a hau hanyar dutsen Hada a je Ɗa'ifa, kuma ranar tana zuwa, don babu mai babur a yankin nan da ba ya mafarkin wannan hanya. Amma hawa ne daga zafin Makka zuwa sama da mita 1,800, kwana a kan kwana, ga hazo, ga birai a gefen hanya, ga masu mota da ke tsayawa ba zato don kallon su. Ka bari sai ka yi wata shida aƙalla. In kun tafi, ka zauna a bayan ayari, ka yi tafiyarka. Yawancin sababbin da aka kawo mini baburansu a bayan motar ɗaukar kaya, ƙoƙarin kamo na gaba ne ya kai su.

Ka rufe wasiƙarka da cewa Hajiya ba ta sani ba. Je ka Makka ka gaya mata da bakinka kafin ka biya ko riyal ɗaya. Kada ta ji a bakin maƙwabta, kada kuma ta fara ji daga asibiti. Tafi da hular a hannunka, ka nuna mata lasisin, ka gaya mata ƙarami za ka saya kuma ga dalili. Za ta ji tsoro, tana da gaskiya, domin ko da duk abin da na lissafa maka babur ya fi mota haɗari, ba zan ɓoye maka ba. In ta sa albarka, ka hau da addu'arta. In ta ce a'a, ka dakata, ka ci gaba da lallashi, kuɗin ba ruɓewa za su yi ba. Ni ban taɓa taya yaro neman babur ba sai na ji daga bakinsa cewa an sani a gida.

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam. Ni direba ne a Riyad, shekarata 38, ina da lasisin dabbab. Matsalata gajere ne ni, tsayina santimita 163. Ina son R3 amma ina tsoron ƙafata ba za ta kai ƙasa ba. Wani ya ce a rage masa tsayi. Ya dace?

Naka, daga Riyad.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsayin kujerar R3 santimita 78 ne, Ninja 400 kuma 78 da rabi, suna cikin mafi ƙasa a irinsu, kuma kujerunsu sirara ne ta gaba, abin da ke taimaka wa ƙafa ta miƙe. RC 390 ya kai 82, shi kam ka bar shi. Je ka wurin masu sayarwa da takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka zauna a kai, wani ya riƙe maka. Ba dole ne tafin ƙafa biyu su shimfiɗu a ƙasa ba. In za ka tsaya, ɗan zame ɗuwawunka hagu, ka kafa ƙafar hagu sosai, ta dama tana kan birkin baya. Haka mu gajeru muke yi, ni ma ban fi ka da santimita uku ba. Abin da za ka kiyaye shi ne inda kake ajiye ƙafar: rairayi, mai, ko gangaren gefen titi.

Rage tsayi ta shokazoba ba na son sa sai in babu makawa, domin yana canja yadda babur ke shiga kwana, cikinsa ya riƙa gogar matab, jingina shi ma ya zama matsala sai an yanke ƙafar tsayuwarsa. In ka zauna ka ga da saura kaɗan, kai kujerar wurin masu ɗinkin kujerun mota su rage soson ta gefe da gefe, ba ta sama kaɗai ba. Santimita biyu da za ka samu a nan sukan isa.